Mijina ɗan kwana-kwana ne, ya fara yi mini wasiyya

Assalamu alaikum. Mijina ma'aikacin kashe gobara ne a nan Kano, shekararsa goma sha ɗaya a aikin. Wata huɗu da suka wuce, cikin hunturu, aka kira su gobarar dare a wani lungu da mota ba ta shiga. Shi ya fito da gawar yara uku daga ɗaki ɗaya, ƙaramarsu sa'ar 'yarmu ce. Mutanen unguwar suka jefe su wai sun makara. Tun daga ranar bai ƙara zama daidai ba. Ba ya barci sai ya sha ƙwayar da yake sayowa a kemis, ya farka ƙarfe biyu jiƙe da gumi yana duba soket da tukunyar gas. In ana babbaka a maƙwabta sai ya fice daga gidan. Ya daina zuwa majalisa, abu kaɗan ya daka wa yara tsawa. Makon jiya ya bi ya biya ƙananan basussukansa, ya ba ƙanensa takardun babur ɗinsa, ya ce mini, "Ki riƙe yaran nan amana, in ba na nan kun huta." Shekaranjiya na ga sabuwar kwalbar maganin ƙwari a ƙasan kayansa, alhali ba mu da gona. Hajiyarsa ta ce sammu ne. Shi kuma ya ce in na faɗa wa wani bai yafe ba, don za a ce ya haukace a sallame shi daga aiki. Abin da ya ƙara ruɗa ni, kwana biyun nan ya sake, har yana wasa da yara. Ko sauƙi ne ya samu? Me zan yi?

Matar ɗan kwana-kwana, Kano

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ji ƙan yaran nan, ya ba iyayensu haƙuri, ya ba maigidanki lafiya. Daga ƙarshen wasiƙarki za mu fara, domin nan wutar take. Wannan sakewar da ya yi kwana biyu, kada ki ɗauke ta sauƙi. Mutumin da ya yi wata huɗu yana fama da zuciyarsa, ya biya bashi, ya raba abin hannunsa, ya bar wasiyya, ya tanadi guba, sannan aka wayi gari yana dariya ba tare da komai ya canza ba, sau da yawa ya gama yanke shawara ne, shi ya sa nauyin ya sauka daga ƙirjinsa. Ba don mu tsorata ki muka faɗa ba. Kukan kurciya jawabi ne, kuma kin gane shi da sauran lokaci. Abin da ya rage aiki ne, kuma na yau ne, ba na bayan albashi ba.

Ki fara da kwalbar nan. Ta bar gidan kafin magariba. Ba ɓoye ta za ki yi a bayan buhun shinkafa ba, miƙa ta za ki yi ga wani babba ya fitar da ita daga gidan gaba ɗaya, kuma kada a tuttule ta a kwata ko kusa da rijiya. Sai ki bi gidan ɗaki ɗaki: fiya-fiyar sauro, maganin ɓera, galan ɗin fetur na janareta, duk wani makami, da ragowar magungunan da suka taru a durowa, har na hawan jini da na ciwon suga in akwai mai sha a gidan. Wanda dole ne ya zauna a sa shi a akwati mai kwaɗo, mukullin a jikinki.

Za ki ce ai yana iya sayo wata. Haka ne, amma tazarar ake nema. Tunanin mutuwa yakan daɗe a zuciya, amma lokacin da abin ke kai wa ƙololuwa har mutum ya aikata gajere ne. A wani bincike da aka yi a Ostiriya kan waɗanda suka yi yunƙurin suka rayu, kusan rabinsu sun ce tsakanin zuwan tunanin da aikatawa bai wuce minti 10 ba. In abin ba ya kusa da hannu ƙarfe biyun dare, sai an nemi takalmi, an zare sakata, an jira shago ya buɗe, kafin nan galibi guguwar ta lafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da maganin ƙwari ne. Ƙasar Siri Lanka da ta hana mafiya dafi daga cikinsu, masu kashe kansu sun ragu da wajen kashi 70 cikin ɗari a cikin shekara 20 daga 1995. Wannan dalilin ne ya sa a 2019 hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, ta hana sayar da ƙananan kwalaben irin wannan magani a kasuwanni da kantuna. Ki kuma riƙe wannan, don zai ƙarfafa miki gwiwa: cikin mutum 10 da suka yi yunƙuri suka tsira, wajen 9 ba ta wannan hanyar suke mutuwa daga baya ba. In aka tsallakar da mutum wannan daren, galibi yakan rayu.

Bayan kwalba, sai magana, kuma a nan mutanenmu suka fi tuntuɓe. Ki bari bayan isha'i, yara sun yi barci ko an kai su wajen kakarsu. Kada ki tsaya a kansa, kada ki zuba masa ido. Ki zauna a gefensa, maza sun fi iya buɗe baki a haka. Ki faɗi abin da kika gani ba da muryar tuhuma ba: "Abban yara, na ga kwalbar nan, ni na ɗauke ta. Na ga ka ba da takardun babur, na kuma ji abin da ka ce mini. Zan tambaye ka abu ɗaya, duk amsar da ka ba ni zan iya ɗauka. Kana tunanin kashe kanka ne?" Da wannan kalmar, yadda take. Kada ki ce "ba dai wani abu kake shirin yi ba ko?", domin irin wannan tambayar ta riga ta gaya masa cewa "a'a" kike son ji, kuma "a'a" ɗin zai ba ki. Ana tsoron wai ambaton abin zai cusa wa mutum shi. An bincika wannan sau da dama, ba haka ba ne. Wanda ya sayo kwalba ba ke za ki koya masa tunanin ba, abin da bai samu ba shi ne wanda zai iya jin maganar daga bakinsa bai zabura ba.

In kin tambaya, ki yi shiru. Shirun zai yi miki tsawo, kada ki cike shi. In ya yi kuka ki bar shi ya yi. In ya ce e, ki gode masa da ya gaya miki, sannan a hankali ki ji abu huɗu: ya tsara yadda zai yi? Ya sa rana? Ya taɓa gwadawa? Akwai abin da ya ajiye a wani wurin, a lokarsa ta ofis ko a but ɗin babur? Amsoshin nan su likita zai fara nema.

Akwai maganganun da za su zo bakinki da kansu, ki haɗiye su a wannan daren. "Ka ji tsoron Allah, wuta za ka shiga": ya san hukuncin, sanin ma yana cikin abin da ke cinsa, kuma in ya ji wa'azi zai rufe baki. "Kai fa namiji ne": ta maza ɗin ce ya yi wata huɗu har ta kawo shi nan. "Ka dubi 'ya'yanka": ya dube su, ciwon ya gaya masa sun fi hutawa in ba shi, ai da bakinsa ya faɗa miki. Kada kuma ki ɗauko Alƙur'ani ki ce ya rantse ba zai yi ba. Rantsuwa ba ta sauke ciwon, abin da take yi shi ne ta hana shi gaya miki in tunanin ya dawo. Abin da yake buƙatar ji gajere ne: "Ba nauyi kake mana ba, ciwo ne ke gaya maka haka. Ba zan bar ka kai kaɗai da shi ba. Gobe da safe za mu ga likita tare." In kuwa ya musa, ko ya tashi da faɗa, shirin bai canza ba. Abin da idonki ya gani ya isa.

Sai batun "ban yafe ba". Mun san nauyin wannan kalmar a kunnen matar aure. Amma sirrin da zai ci rai ba amana ba ne, kuma fushin mai rai ana lallashinsa. Kada dai ki yi ta bayan idonsa. Ki ce masa wannan kayan ya fi ƙarfinki ke kaɗai, dole mutum ɗaya ko biyu su sani, shi ya zaɓa: yayansa, amininsa, kawunsa, ko wani abokin aiki da yake ganin girmansa. In ya ƙi zaɓa, ke ki zaɓa. Mutum biyu masu riƙe baki, ba taron dangi ba, ba zauren WhatsApp na gida ba. Ɗayansu ya zama namijin da zai iya kwana a falo ko a soro ya kuma raka shi asibiti. Daga yanzu har likita ya gan shi kada a bar shi shi kaɗai, musamman tsakanin tsakar dare da asuba, kada ya fita duti, mukullin babur ya koma hannun ƙanen nan da ya riga ya karɓi takardu.

Inda za ku nufa a Kano ba ɓoyayye ba ne. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a hanyar Katsina. In dare ne ko ƙarshen mako, ku shiga ta sashen gaggawa na Malam Aminu Kano ko na Asibitin Murtala da ke Ƙofar Mata. In sunan Dawanau ne zai sa ya tirje, kada a tsaya gardama a kai, a fara da babban asibiti inda kowa ke zuwa da kowane irin ciwo. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a je gaban likita a ce "ba ya barci, kansa na ciwo", a karɓo maganin maleriya da ƙwayar barci a dawo. Tun daga wajen nas ɗin farko ki faɗa a fili: "Yana maganar mutuwa, ya yi wasiyya, na sami guba a kayansa." Wannan jimlar ce ke sa a gan shi a ranar maimakon a ba ku wata mai zuwa. Ku riƙe kwalin ƙwayar da yake sha, da katinsa na inshorar lafiyar ma'aikata in yana da shi, da takarda da kika rubuta abin da kika gani da ranakunsa. Ki nemi minti biyar ke da likita, domin mai irin wannan aikin ya ƙware wajen cewa "lafiya lau". Likita na iya cewa a kwantar da shi 'yan kwanaki. In ya ce haka, ku yarda.

Allah ya kiyaye, in kika tarar ya riga ya sha wani abu: kada a ɗura masa manja ko madara ko ruwan gishiri, kada a sa masa yatsa ya yi amai. Abin da aka ɗura ko aka amayar kan faɗa huhu, ya kuma cinye lokacin da ya kamata a ce ana hanya. A cire rigar da maganin ya zuba a kai, a kwantar da shi ta gefe, a ɗauki kwalbar, a sa shi a mota ko Adaidaita Sahu mafi kusa sai sashen gaggawa, ko da yana magana yana cewa ba komai. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, amma kada kira ya tsayar da tafiya. Wasu iyalai sukan ɓoye saboda dokar final kod, wato dokar hukunta laifuka ta Arewa, ta sanya yunƙurin kashe kai cikin laifuka a sashe na 231. Kada wannan ya sa a yi jinyar guba a ɗaki. Tunanin kashe kai shi kaɗai da zuwa wajen likita a kansa ba laifi ba ne a kowace doka.

Yanzu ga abin da muke zaton yana damunsa, kodayake likitan da ya gan shi ne zai yanke. Abin da kika zayyana ya yi kama da ciwon firgicin da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PTSD, ga alama kuma ciwon damuwa ya hau kansa. A ƙwaƙwalwa akwai wani sashe da aikinsa kamar jiniya ne, in ya hango haɗari ya tayar da jiki duka. Bayan dare irin wancan kusan kowa jiniyarsa kan yi ta kaɗawa kwana da kwanaki, sannan ta yi shiru cikin makonni. In ta wuce wata ɗaya ba ta mutu ba har ta hana mutum rayuwarsa, ta zama ciwo. Ita ce ke tashinsa ƙarfe biyu ya laluba soket. Ita ce ke sa tsawar. Warin babbaka kuwa, hanci na da gajeriyar hanya zuwa ma'ajiyar tunani, shi ya sa da ya shaƙa ba tuna ɗakin nan yake ba, komawa cikinsa yake. Ficewar da yake yi da ƙaurace wa majalisa suna ba shi sauƙin minti goma, amma su ke ciyar da ciwon, domin ƙwaƙwalwar ba ta samun damar koyon cewa wannan warin na ƙafar saniya ne kawai.

Ba kuma dare ɗaya ne ya kayar da shi ba. Ɗan kwana-kwana a Kano ba wuta kaɗai yake gani ba. Shi ake kira in yaro ya faɗa rijiya, shi ke shiga kududdufi da damina, shi ke zaro mutane daga motar da ta murƙushe, ga gobarar kasuwa irin ta Sabon Gari a 2016 da aka kwana ana fama. Shekara goma sha ɗaya ana tara wannan a ciki, ga barcin da duti ya yayyanka. Ranar nan sai abu uku suka haɗu: yara, yarinya mai kama da tasa, da jifa daga mutanen da ya je ceto. A Amurka, inda kayan aiki ba su ne matsala ba, an ƙirga a 2017 cewa ma'aikatan kashe gobara aƙalla 103 ne suka kashe kansu, waɗanda suka mutu a bakin aiki kuwa 93. A wani binciken na 2015 kan ma'aikata 1,027, kusan rabinsu sun ce tunanin ya taɓa zo musu a tsawon aikinsu. Wannan raunin aiki ne, kamar ƙuna a hannu, ba ƙarancin imani ba.

Akwai wata magana da muke da yaƙinin yana nanata wa kansa: "da mun iso da wuri." Lissafin bai goyi bayanta ba. Mafi yawan waɗanda gobara ke kashewa hayaƙi ne ke kashe su, ba harshen wuta ba. Katifar soso da labule in suka kama a ɗaki rufaffe suna fitar da iska mai guba da ke sumar da mutum cikin mintuna kaɗan, mai barci ma sau da yawa ba ya farkawa. Ki ƙirga lokacin da aka ɗauka kafin a farga, maƙwabta su gwada bokiti, a tuna da kiran waya, mota ta taso, a ja mesa cikin lungu, a fasa ƙarfen taga. Ruwan ma da ake cewa "sun zo ba ruwa": tankin lita 4,000 in mesa na fitar da lita 400 a minti, minti 10 ne ya ƙare. Amma kada ki tare shi da wannan lissafin a daren farko, zai ji kamar gardama kike. Daga baya, daga bakin likita ko wani dattijon ma'aikaci da ya san aikin, zai fi shiga.

Ƙwayar kemis ɗin nan, in dangin diazepam ce, tana sa barci amma ba ta taɓa ciwon, jiki na sabawa da ita cikin makonni, tana kuma sassauta birkin da ke hana mutum aikata abin da ya zo masa. Duk da haka kada ki ƙwace ta rana ɗaya in ya yi watanni yana sha kullum, tsayarwa farat ɗaya na iya kawo jijjiga. Ke ki riƙe ta, likita ya tsara yadda za a rage. In akwai tramadol ko maganin tari mai kodin ko wiwi a ciki, a faɗa, likita ba ɗan sanda ba ne.

Magani iri biyu ne, kuma sun fi aiki tare. Ƙwayoyi irin su sertraline ko fluoxetine ba sa bugarwa, amma sai sun yi mako 2 zuwa 6 kafin a ga amfaninsu. A makon farko yana iya jin tashin zuciya ko rashin natsuwa, kuma ƙarfin jiki kan dawo kafin baƙin zuciya ya yaye, saboda haka makonnin farko na magani da na bayan sallama daga asibiti lokacin ƙara sa ido ne, ba na sakin jiki ba. Ki nemi a sa muku ranar dawowa cikin kwana 7. A riƙa ba ku maganin mako ɗaya ko biyu, a hannunki, ke ke miƙa masa. Wurare uku ake faɗuwa: a daina a kwana 10 wai ba ya aiki, a daina a wata 2 wai an warke alhali ana ci gaba aƙalla wata 6 bayan samun sauƙi, ko maganin ya rage masa sha'awar iyali ya yi shiru ya jefar. Na ukun nan ya fi yawa fiye da yadda ake faɗa, kuma gyaransa canjin magani ne kawai in an gaya wa likita. Iri na biyu na maganin shi ne zama da masanin halayyar ɗan Adam, hanyar da ake kira CBT mai fuskantar abin da ya faru, galibi zama 8 zuwa 12, sau ɗaya a mako, awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ana bi da shi cikin daren nan daki-daki har jiki ya daina zabura, ana kuma warware maganar "laifina ne". Zaman farko-farko kan tayar da abin, a nan mutane ke gudu. Ki nemi wannan hanyar da sunanta.

Kafin ku bar asibiti a rubuta takardar tsira, shafi ɗaya, da rubutun hannunsa da kalmominsa: alamomin da ke nuna masa abin na tasowa, abin da zai yi shi kaɗai ya rage zafin, wuraren da zai je ya zauna cikin mutane ko bai ce komai ba, mutum biyu ko uku da zai kira ya ce "abin ya dawo" da lambobinsu, asibitin da za a nufa, da abubuwan da aka fitar daga gida da wanda ke riƙe da su. Ku ɗauki hotonta a wayoyinku. Na dare kuwa, in ya firgita cikin barci kada ki riƙe shi ta baya, ki kira sunansa daga ɗan nesa, ki kunna fitila, ya sa ƙafa a ƙasa, ya yi alwala da ruwan sanyi, ya ja numfashi yana ƙirga 4 ya sauke yana ƙirga 6 har minti biyar. Shayi mai kauri da goro da lemon ƙara kuzari su tsaya daga la'asar.

Hajiya kuma kada ki yi jayayya da ita a kan sammu, ba za ki ci ba, kuma kina buƙatarta. Ki ce mata a haɗa biyu, ita ta riƙe addu'a da sadaka, ku ku riƙe asibiti. Annabi Yaƙubu, alaihis salam, baƙin ciki ya sa idanunsa suka yi fari, ba wanda ya ce imaninsa ne ya yi rauni. Iyakar da za ki ja ita ce: ba mai cewa a ajiye maganin asibiti, ba duka, ba ɗauri, ba gidan mari, ba turaren hayaƙi ga mutumin da hayaƙi ne ciwonsa, kuma duk jiƙon da za a ba shi likita ya sani.

Tsoron sallama daga aiki shi ne ƙarfen da ya rufe masa baki, don haka ki ba shi amsa. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta tanadi sirrin majiyyaci, ta kuma hana a kori ma'aikaci don kawai yana da irin wannan lalura ko yana karɓar magani. Aiwatarwa na tafiyar hawainiya, shi ya sa komai ya zama a rubuce, ku ajiye kwafi. Takardar hutun jinya ba sai ta zayyana sirrinsa ba. In ya fara samun sauƙi likita na iya rubuta a mayar da shi aikin rana da ba fita gobara na ɗan lokaci, kamar duba gine-gine ko sito ko horar da sababbi, sannan ya koma mota a hankali. Zaman gida wata da watanni ba dalili shi ma illa ne, yana ƙara masa jin cewa ba shi da amfani. Da yawa sukan koma bakin aikinsu sosai.

Ga ogogi da abokan aikin da wannan shafi zai faɗa hannunsu: ba shi kaɗai ya shiga lungun nan ba. In aka dawo daga fitar da aka rasa yara, ko aka rasa abokin aiki, ko aka sha jifa, kada a tara mutane a tilasta kowa ya faɗi abin da ya gani, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta goyon bayan irin wannan zaman na dole na sau ɗaya. A ba su ruwa da abinci da wanka da barci, sannan oga ya keɓe kowa ya tambaye shi bayan kwana biyu, bayan mako biyu, bayan wata guda. A daina tura hotunan gawa a waya. Wanda ya fara makara, ko faɗa, ko jefa kansa cikin haɗarin da ba dole ba a wajen wuta, a tambaye shi kafin a ba shi takardar tuhuma.

Ke ma jikinki jini ne. Ku raba kwanan gadi da wanda kuka zaɓa, ki sami wata 'yar'uwa da za ki riƙa sauke nauyi a wajenta. Yara a gaya musu Abba ba shi da lafiya, yana shan magani, tsawar ba laifinsu ba ce. In tsawa ta koma duka, ki kwashe su zuwa gidanku ki sanar da likita a ranar.

Ranaku biyu ki sa a kalanda tun yanzu. Babbar Sallah, da Kano gaba ɗaya ke warin babbaka kwana biyu ko uku: a yi maganarta da mai yi masa zaman tun da sauran makonni, kai da ƙafafun layyarku a kai su wani gidan a babbake, kuma kada a bar shi ya kulle kansa a ɗaki shi kaɗai a ranakun. Sai ranar da gobarar za ta cika shekara, in hunturu ya dawo da ƙurarsa jiniya ta fara yawa a gari. Ki nemi a sa masa ganin likita a cikin wannan makon, ko da a lokacin ya murmure har ya koma majalisa.